Ra'ayinmu: Mai Rufi Ko Mai Taya A Waje?

Cikin 'yan shekarun nan wata sabuwar gardama ta shigo makarantunmu, ta sami wurin zama daf da tsohuwar gardamar nan ta ƙwallon ƙafa. Gardamar kuwa ta tseren motoci ce. Tun da tauraron ɗan'adam da wayar hannu suka kawo manyan filayen tsere na duniya har cikin ɗakunan kwanan ɗalibai, sai masu sha'awar abin suka rabu gida biyu. Kashi ɗaya suna bayan motar nan mai kujera ɗaya tak, wadda tayoyinta huɗu ke waje ba abin da ya lulluɓe su, watau irin ta gasar Formula 1 da ta IndyCar. Ɗaya kashin kuwa suna bayan mota mai rufi, wadda in ka hango ta daga nesa sai ka ce motar haya ce aka yi wa ado, watau irin ta gasar NASCAR ta Amurka. Kowane kashi yana ganin ɗan'uwansa bai san abin kallo ba.

Mai yiwuwa wani ya ce mujallar ɗalibai tana da abin da ya fi wannan muhimmanci, ga maganar kuɗin makaranta, ga ta ruwa da wuta a ɗakunan kwana. Mun ji, mun kuwa yarda. Amma mu da muka fito daga ƙasar Gumel, daga Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari, mun san cewa son gudu da mota ya riga ya zama ɗan gida a wurinmu, ya kuma riga ya sa iyaye da yawa kuka. Saboda haka muka ga ya kamata mu auna hujjar kowane ɓangare bisa adalci, sa'an nan mu duba wanne daga cikin tseren biyu zai iya yin saiwa a ƙasarmu, da kuma sharaɗin da za a cika kafin ya yi.

Bari mu fara da mai taya a waje. An buɗe gasar cin kofin duniya ta Formula 1 ran 13 ga Mayu, 1950, a filin Silverstone na ƙasar Ingila, ko da yake tseren irin wannan mota ya girmi wannan rana nesa ba kusa ba, domin tun 1911 ake yin tseren mil 500 na Indianapolis a Amurka. Motar Formula 1 ba a ƙera ta don kowane aiki ba sai gudu. Ba ta da wurin fasinja, ba ta da wurin kaya, nauyinta bai kai kilo 1,000 ba har da direban a ciki. Tun daga 2014 injinta ƙarami ne, mai lita 1.6 da silinda shida, an haɗa shi da na'urar lantarki, amma duk da ƙanƙantarsa yana kai ta gudun da ya haura kilomita 300 cikin sa'a ɗaya. Babban sirrinta yana ga fukafukan da ke gaba da baya da kuma shimfiɗar cikinta. Fiffiken jirgin sama ɗaga shi yake yi, na wannan mota kuwa an kifa shi ne, don iska ta danna ta ƙasa ta manne da kwalta. Shi ya sa take shan kwana da gudun da zai wuntsila kowace mota ta titi.

Masu son wannan tsere sukan ce abin da ke burge su shi ne kaifin ƙwaƙwalwa. A Formula 1 tilas ne kowace ƙungiya ta zana motarta da kanta, saboda haka gasar takan fara ne a ɗakin zane da ɗakin gwaji, watanni kafin a kaɗa tuta. Ɗaruruwan injiniyoyi suna aiki dare da rana don rage abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba a kowane zagaye. In mota ta shigo canjin taya, mutum wajen ashirin ke rufar mata, su cire huɗu su ɗaura huɗu cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai. A Ƙatar cikin 2023 ma ƙungiyar McLaren ta yi wannan aiki cikin daƙiƙa 1.8. Daɗin daɗawa, gasar tana zaga duniya, daga Monako zuwa Japan, daga Barazil zuwa Bahrain da Jidda. Sa'an nan ga Lewis Hamilton, baƙar fata na farko da ya tuƙa a wannan gasa, wanda ya ci kofin duniya sau bakwai tsakanin 2008 da 2020, ya kamo Michael Schumacher. Ba ƙaramin abu ba ne a wurin saurayi ɗan Afirka ya ga mai kama da shi a saman dandamalin da a da ake ɗauka na Turawa ne kaɗai, kuma da yawa daga cikin 'yan wannan kashi ta ƙofarsa suka shigo.

Mai rufi kuwa asalinta daban ne, kuma asalin nan shi ne abin da ya fi jan hankalinmu. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta sayar da barasa a Amurka, bayan an ɗage dokar ma aka ci gaba da dafa ta a ɓoye a ƙauyukan kudancin ƙasar don gudun haraji. Masu safararta sukan ɗauki motar gida ta yau da kullum, su ƙara wa injinta ƙarfi, su ƙarfafa sifirin ɗinta don ta ɗauki nauyi, amma su bar jikinta yadda yake don kada 'yan sanda su tsargu. Ranar hutu sai su taru a wani fili su gwada ta wa ta fi gudu. Wani makaniki kuma direba mai suna Bill France ya tara masu ruwa da tsaki a garin Daytona cikin Disamba 1947, aka kafa NASCAR a 1948, aka rubuta dokoki, aka tabbatar wanda ya ci zai karɓi kuɗinsa. Junior Johnson, wanda ya taɓa zaman kurkuku saboda sana'ar barasa, ya ci tsere 50 a babbar gasar, daga baya ya zama mai ƙungiya. A taƙaice, gwanintar da ta taso a bayan doka aka jawo cikin shinge, ta zama sana'ar da dubban mutane ke ci da iyalinsu.

'Yan wannan kashi sukan ce su tsere suke son gani da idonsu, lissafi kuwa a bar wa 'yan aji. A NASCAR mota kusan 40 ke tashi tare, mafi yawan filayen kuwa zagayayyu ne kamar ƙwai. A tseren Daytona 500, wanda aka fara a 1959, ana zagaya filin sau 200, kwanoninsa kuwa a karkace suke kamar gefen ƙwarya. Motocin suna da nauyi, kusan ninki biyu na ta Formula 1, injinsu mai silinda takwas yana ruri kamar hadari. Da yake tayoyinsu a rufe suke, suna iya gogar juna, ta baya ta tunkuɗi ta gaba, ba tare da an yi ɓarna ba, alhali kuwa in tayar mai taya a waje ta hau tayar 'yar'uwarta, sai dai a ga mota a sama. Ta baya takan lafe a bayan ta gaba don ta gaba ta tsage mata iska, sai an zo daf da ƙarshe ta fito ta wuce. Don haka sau da yawa ba a san gwani ba sai a zagayen ƙarshe. Bugu da ƙari, sunayen da ke jikin motocin sanannu ne: Ford, Chevrolet, da Toyota wadda ta shiga babbar gasar a 2007 da Camry, motar da ko yaro a tashar Gumel ya san ta.

Gorin da ɓangarorin biyu ke yi wa juna kowanne da ƙamshin gaskiya a cikinsa. 'Yan mai rufi sukan ce a Formula 1 mota ce ke cin tsere, direba rakiya ya yi. Ba su rasa hujja ba, domin a 2023 ƙungiyar Red Bull ta ci tsere 21 daga cikin 22, Max Verstappen shi kaɗai ya ci 19. Wane daɗi ke ga kallon da ka san ƙarshensa tun kafin a fara? Amma su ma 'yan taya a waje sukan mayar da martani, su ce mai rufin nan suna ne kawai ya rage mata. Nan ma gaskiya suka faɗa. A farkon NASCAR, a 1949, da motocin da aka sayo daga kanti aka yi tsere. Yau kuwa ƙashin motar bututun ƙarfe ne da aka harhaɗa musamman, kuma tun daga 2022 yawancin kayanta daga hannun dillalan da hukumar gasar ta zaɓa kowace ƙungiya ke saya. Fatar ce kawai ke kama da motar titi. Gorin da ba mu yarda da shi ba shi ne na masu cewa direban mai rufi ba abin da ya iya sai juya sitiyari hagu. Duk wanda ya riƙe mota mai nauyin tan ɗaya da rabi sa'a uku, tana gudun kilomita 300, taki ɗaya tsakaninsa da na gabansa da na bayansa, ya cancanci a jinjina masa.

In muka tona ƙasa, sai mu tarar wannan gardama tsohuwa ce a wurinmu, riga kawai ta sake. Kakanninmu sun yi ta a kan doki: shin dokin ne ke cin sukuwa ko mahayin? Har yau kuma muna da wasan doki iri biyu. Akwai folo, wanda ya kafu a Katsina tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara da shi har ƙasashen waje. Wasa ne mai tsari da kyan gani, amma sai mai dawaki da yawa da barori da fili na musamman. Akwai kuma sukuwa, wadda duk mai doki da ƙarfin zuciya zai iya shiga, 'yan kallo kuwa sun san dokin, sun san mai shi, sun san ma wanda ke yanko masa ciyawa. Mai son folo bai yi laifi ba, mai son sukuwa ma haka. Amma in aka tambaye mu wanne ne za a iya yi a kowane gari bayan an kawar da amfanin gona, ai amsar a fili take.

To, haka zancen motoci yake. Da hukumar Formula 1 ta ga kashe kuɗi ya wuce kima, sai ta sa iyaka a 2021, iyakar kuwa a lokacin ita ce dala miliyan 145 ga kowace ƙungiya a shekara, ban da albashin direbobi. Wannan fa ragi ne aka yi! Yaron da ke son kaiwa can tilas ya fara da ƙananan motocin tsere tun yana ɗan shekara bakwai ko takwas. Mahaifin Hamilton sai da ya haɗa aiki fiye da ɗaya kafin ya iya ɗaukar nauyin ɗansa, a Ingila ke nan. Nahiyar Afirka dukanta rabonta da karɓar baƙuncin wannan gasa tun 1993, a filin Kyalami na Afirka ta Kudu, ko da yake a Disamba 2024 shugaban Ruwanda, Paul Kagame, ya bayyana cewa ƙasarsa na neman a ba ta. Ko da an kawo ta ma, ɗan Gagarawa kallo ne nasa, kallon ma ta akwatin talabijin.

Tseren motar gama-gari kuwa muna da tarihi da shi, ko da yake namu bai bi tsarin zagayayyen fili na Amurka ba, ya fi kama da tseren dogon zango a kan hanyar daji. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma a wannan shekarar ce Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da Fijo 504, aka sake ci da wani samfurinta a 1978. Iyayenmu da suka yi shekara da shekaru suna shiga 504 daga Kano zuwa Gumel, ashe 'yar'uwar zakarar Afirka suke hawa. Tseren Faris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen Disamba 1978, ya sha ratsa ƙasar Nijar ta Agadas da hamadar Tenere, Peugeot kuma ta cinye shi sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990. A gida Nijeriya ma an daɗe ana haɗa tseren motoci da bikin kamun kifi na Argungu. Duk waɗannan da motocin da makanikinmu zai buɗe ya gane abin da ke ciki aka fara su.

Kanikawan kuwa muna da su, ƙwararru. Wanda ya je Maigatari ran Alhamis, ranar kasuwar dabbobi, ya ga irin motocin da ke shigowa daga Nijar da sauran sassan Nijeriya, ya ga irin lodin da ake yi musu da irin hanyar da suke bi, zai san akwai hannaye masu albarka a garejojinmu. Motar da ƙasar da ta ƙera ta ta daɗe da yin watsi da ita, sai ka gan ta nan tana tafe, an yi mata walda, an ƙara mata sifirin, an nemo mata inji daga wata. Kuma ba sai mun ɓoye wa juna ba, duk wanda ya tashi kusa da iyaka ya ji labarin direbobin dare masu bin burtali da yashi, waɗanda ba su tsoron kome sai fitilar jami'an kwastan. Ba mu goyon bayan fasa-ƙwauri ko kaɗan. Abin da muke nunawa shi ne irin wannan gwaninta ce Amurkawa suka tsamo daga duhu suka mai da ita abin alfahari, mu kuwa tamu tana ƙarewa a kurkuku ko a makabarta.

Nan ne maganar ta daina zama ta nishaɗi. Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce mun riga mun fara tseren motoci, sai dai a kan titin jama'a muke yin sa. Direbobin haya suna rige-rigen isa tasha don su kama layi. Samari suna wasa da mota da babur wajen ɗaukar amarya da ranar Salla, suna juyi a tsakiyar gari, yara na kewaye da su suna ihu. Ɗalibi ya ari motar gida ya hau hanyar Gujungu zuwa Gumel don ya ga iyakar allurar gudu, alhali a hanyar nan akwai amalanke, akwai garken shanu, akwai 'yan mata ɗauke da tallan gyaɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya na kashe mutum kimanin miliyan 1.19 a duniya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Watau mu ke nan da ƙannenmu. Muna tsoron kada kallon tsere a waya ya ƙara wa wannan wuta fetur, domin saurayi yakan ga gudun ne kawai, ba ya ganin abin da aka tanada kafin a yi gudun.

Abin da aka tanada ɗin kuwa shi ne darasin da tseren biyu suka yi tarayya a kai, kuma da jini suka saye shi. A 1955, a tseren Le Mans na Faransa, wata mota ta tashi ta faɗa cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka mutu. Tun daga nan aka fara ɗaukar shinge tsakanin fili da jama'a da muhimmanci. Ran 1 ga Mayu, 1994, Ayrton Senna, wanda ya ci kofin duniya sau uku, ya rasu a filin Imola na Italiya, kwana ɗaya bayan rasuwar Roland Ratzenberger a wannan filin. Sai aka sake fasalin kwanoni da jikin motoci. Ran 18 ga Fabrairu, 2001, Dale Earnhardt, zakaran NASCAR sau bakwai, ya rasu a zagayen ƙarshe na Daytona 500. Kafin shekarar ta fita aka tilasta wa kowane direba sa abin tallafe kai da wuya, daga baya kuma aka shiga sa wa filaye bango mai shanye ƙarfin karo. A 2018 Formula 1 ta ɗora wani baka na ƙarfe bisa kan direba, masu kallo da yawa suka ce ya ɓata wa motar kyau. A Nuwamba 2020, a Bahrain, motar Romain Grosjean ta huda shingen ƙarfe, ta rabe biyu, ta kama da wuta, ya fito da ƙafarsa da ƙuna a hannuwa. Tun daga ranar masu sukan bakan suka yi tsit. Tseren Dakar kuwa, da yake ta cikin ƙauyuka yake bi ba shinge, ya yi sanadin mutuwar mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, har da yara ƙanana. Wannan ma darasi ne gare mu.

Saboda haka ga matsayinmu. A wajen kallo, kowa ya bi abin da ransa ke so, don ba a yi wa ido dole. Amma a wajen abin da za mu shuka a gida, muna tare da motar gama-gari, domin ita ce ke tsirowa daga gareji, ita ce talaka zai iya taɓawa, ita ce kuma za ta ba direba da makaniki da mai walda da mai gyaran waya abin yi da suna. Sai dai ba za ta yi albarka ba in ba a ɗauko mata tarbiyyar mai taya a waje ba, watau awo da rubutu da gwaji da bin doka sau da ƙafa. Makanikinmu yakan gane ciwon inji da kunne, wannan baiwa ce. Ɗalibin injiniya kuwa ya san lissafin abin amma sau da yawa bai taɓa riƙe sifana ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar da waɗannan biyu suka durƙusa gaban inji ɗaya, ranar ce gardamar ɗakin kwana za ta haifi ɗa mai ido.

Kada wani ya ce wannan mafarki ne. Tun 1981 ɗaliban jami'o'i a Amurka ke gasar ƙera ƙananan motocin tsere da hannunsu, Ingila ma ta bi sahu a 1998, kuma daga irin waɗannan gasanni manyan kamfanoni ke ɗibar ma'aikata. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun taɓa ƙera 'yar ƙaramar mota suka shiga gasar Shell Eco-marathon, inda ake auna wadda ta fi tafiya mai nisa da mai kaɗan. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya yi aikin zanen mota a kamfanin General Motors, da hannunsa a fasalin Chevrolet Volt, daga baya ya shugabanci hukumar ƙasa mai kula da zane da bunƙasa ƙera motoci daga 2017 zuwa 2023. Abin da ɗan Sakkwato ya yi, ba mu ga dalilin da zai gagari ɗan Gagarawa ba.

Don haka muna kira kamar haka. Na farko, Ƙungiyar Ɗalibai ta haɗa kai da sassan koyar da injiniya ta kafa kulob na fasahar mota, a gayyato kanikawan gari a matsayin malamai, a girmama su yadda ya kamata. Na biyu, ƙananan hukumomi huɗu na Masarautar Gumel su duba yiwuwar keɓe fili ɗaya, nesa da gari da gonaki da burtalin makiyaya, bisa yardar masu ƙasar da biyan su hakkinsu, a kewaye shi, a riƙa amfani da shi da rani. Ba a bukatar kwalta. Da filin turɓaya NASCAR ta fara. Na uku, kada a kaɗa tuta sai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, ta duba kowace mota: birki, taya, kejin ƙarfe a ciki, ɗamarar kujera, hular kwano, ga motar asibiti da kayan kashe gobara a gefe. Na huɗu, a fara da gwajin mota ɗaya bayan ɗaya da agogo, da gasar iya birki da shan kwana, kafin a kai ga sakin motoci tare. Na biyar, wanda shi ne ginshiƙi, shugabannin ƙungiyar direbobi da masu unguwanni su tsaya kai da fata cewa duk wanda aka kama yana tsere a titin jama'a ya haramta wa kansa shiga filin, ban da hukuncin da doka ta tanada masa.

Mun san akwai dattawan da za su ce wannan almubazzaranci ne, musamman tun da aka janye tallafin mai a Mayu 2023 fetur ya zama sai wane da wane. Damuwarsu abar dubawa ce, kuma ba mu ce a taɓa kuɗin asibiti ko na makaranta don wannan ba. Kuɗin shiga kallo da taimakon 'yan kasuwa da masu sayar da kayan mota sun isa a fara ƙarami. Amma muna roƙonsu su auna man da za a ƙona a fili rana ɗaya ko biyu a shekara da wanda ake ƙonawa kowane mako wajen rakiyar amare, su kuma auna shi da kuɗin ɗori da jinya da marayun da haɗari ke bari. Wa'azi da bulala an daɗe ana yi, samari ba su daina gudu ba. Ruwan da ba a yi wa hanya ba shi ke cin gida, wanda aka yi wa kuwa lambu yake shayarwa.

A ƙarshe muna jan hankalin 'yan'uwanmu ɗalibai na ɓangarorin biyu. Ku ci gaba da gardamarku, don tana kaifafa tunani, ta kuma fi zaman gulma. Amma duk wanda ya ce shi masoyin Hamilton ne ko na Earnhardt, to, ya sani gwanayen nan ba su taɓa tsere ba sai bayan an rufe hanya, an kafa shinge, likita ya zauna a shirye. Hutu na tafe, da yawa daga cikinmu za su kama hanyar gida, waɗansu ma su ne a bayan sitiyari. A ɗaura ɗamara, a rage gudu a cikin gari, a bar wa amalanke hanyarta. Allah Ya kai kowa gida lafiya, Ya kuma maido mu lafiya.